Shin maganar gicciye ta hana Kirista aiki da iliminsa? Amsa ga wata ma'aikaciyar jinya a Kumasi

Tambaya: Baba Fasto, ni ma'aikaciyar jinya ce, ina zuwa wata ƙaramar ikkilisiya a wajen Aboabo inda ake sujada da Hausa. Ikkilisiyarmu ta dare gida biyu. Wasu suna bayan fastonmu, wanda ya yi karatun tauhidi mai zurfi, wasu suna bayan mai bishararmu da ke jagorantar addu'ar dare da addu'ar warkarwa. Na ce wa wata uwa mai hawan jini kada ta bar maganinta, sai wani dattijo ya karanta mini 1 Korantiyawa sura 1, ya ce Allah ya mai da hikimar duniya wauta, in daina kawo boko cikin sha'anin bangaskiya. Yanzu mutanen mai bishara suna maganar kama ajin makaranta su fara nasu taron. Ayar ta hana ilimi ne? Wane ɓangare ne ke kan gaskiya, kuma rabuwar zunubi ce?

Amsa: 'Yata, Allah ya yi miki albarka. Kafin mu buɗe Littafi, ga abin da ba ya jira: uwar nan ta ci gaba da shan maganinta, a kuma ci gaba da yi mata addu'a. Kin fi ni sanin cewa hawan jini ba ya sallama kafin ya kayar da mutum. Mai shi yana jin garau har ranar da ɓarin jiki zai shanye. Ba ki yi laifi ba da kika faɗa mata. Amsar tambayarki ta farko kuma a gajarce ita ce a'a, ayar ba ta hana ilimi ba. Sai dai in na tsaya nan, mutanen fasto za su ɗauki amsata su tafi suna murna, alhali surar ta kama su yadda ta kama 'yan'uwansu. Shi ya sa zan ɗan ja maganar.

Koranti, garin da Bulus ya rubuta wa wasiƙar nan, garin kasuwanci ne a ƙasar Helenawa, wato Girka. Romawa sun rushe shi a shekara ta 146 kafin haihuwar Almasihu, ya zauna kango kimanin shekara ɗari, sai Yuliyas Kaisar ya sake kafa shi a shekara ta 44, ya zuba mutane a ciki, da yawansu 'yantattun bayi. Garin yana bakin wata siririyar ƙasa tsakanin teku biyu, faɗinta wajen kilomita 6, da tashar jiragen ruwa ta kowane gefe, don haka kuɗi suna yawo sosai. A irin wannan gari ba a cika tambayar asalin mutum ba, abin da ya tara da manyan da ya sani su ne darajarsa. Manzo Bulus ya isa can wajen shekara ta 50, ya zauna shekara ɗaya da wata shida, yana sana'ar ɗinkin tanti tare da Akila da matarsa Biriskilla. Ana iya sa wa zamansa shekara ne saboda gwamna Galiyo, wanda aka kai ƙarar Bulus gabansa, domin an sami rubutu a kan dutse a Delfi da ya nuna ya riƙe lardin Akaya wajen 51 zuwa 52. Bayan Bulus ya tafi sai Afolos ya zo, Bayahude mutumin Iskandariya, mai daɗin baki, masanin Littattafai. 'Yan shekaru kaɗan bayan haka Bulus yana Afisa mutanen gidan Kuluwi suka kai masa labari cewa ikkilisiya ta rarrabu. Wannan na cewa shi na Bulus ne, wancan na Afolos, wani na Kefas, wato Bitrus, wani kuma ya ce shi na Almasihu ne.

Abin da Bulus ke kira hikimar duniya a nan yana da fuska sananniya a garuruwan Helenawa. Akwai gwanayen jawabi da suke shiga gari su tsaya a dandali su nuna fasahar baki, su tara almajirai masu biyan kuɗi, almajiran wannan suna muzanta malamin waɗancan. Girman mutum yana ƙaruwa gwargwadon girman malamin da ya raɓa. Wannan ɗabi'ar ce Kiristocin Koranti suka shigo da ita majami'a ba su wanke ta ba. Sun ɗauki masu wa'azinsu yadda 'yan kallo ke ɗaukar Kotoko da Hearts: mutum bai taɓa ƙwallon ba, amma in ƙungiyarsa ta ci shi ne mai tafiya da ƙirji a buɗe, yana neman maƙwabcin da zai yi wa dariya.

Ki lura da wani abu da ake yawan tsallakewa. Bulus da Afolos ba su yi faɗa ba. A sura 3 Bulus ya ce shi ya shuka, Afolos ya yi ban ruwa, Allah ne ya sa girma. A sura 16 aya 12 ya ce ya roƙi Afolos ƙwarai ya koma Koranti, Afolos ne bai yarda ya je a lokacin ba. Ka ga mutumin da ake cewa an fi shi iya magana yana tura wanda aka fifita a kansa ya je wurin mutanen da suka fifita shi. Wutar tana wajen mabiya. Saboda haka tambayar da zan so ki fara yi wa kanki ita ce ko fastonku da mai bishararku sun saɓa da gaske, ko kuwa masu kai gulma tsakanin ɗakunansu ne ke cin riba. Sau da yawa a ikkilisiyoyinmu shugabanni biyu suna gaisawa lafiya har sai magoya baya sun koya musu gaba.

Su kuma masu cewa su na Almasihu ne, kada ki ɗauka su ne suka tsira. Bulus ya jera su cikin jerin ɗaya da sauran. Kusan duk wanda zai fasa ikkilisiya da wannan kalmar yake fita, wai shi ba ya bin mutum, Yesu kaɗai yake bi, ma'anarta kuwa a bakinsa sauran ba sa bin Yesu.

Bulus bai zaɓi ɓangare ba, bai kuma ce kowa ya yi haƙuri a rufe maganar ba. Tambayoyi uku ya jefa musu. An rarraba Almasihu ne? Bulus aka gicciye dominku? Da sunan Bulus aka yi muku baftisma? Sunan kansa ya sa, ba na Afolos ba, wato masu yabonsa ya fara tsawata wa. Sannan ya gode wa Allah da bai yi wa kowa baftisma a cikinsu ba sai Kirisbus da Gayus, can ya tuna da iyalin Istifanas, ya ƙara da cewa bai tuna ko akwai wani ba. Ina son wannan mantuwar tasa. Yau ba wuya ka sami bawan Allah da ke riƙe da lissafin 'ya'yansa na ruhu ɗaya bayan ɗaya, yana tuna wa kowa cewa ta hannunsa ya tuba.

Daga nan ya shiga maganar gicciye, kuma nan ne mu ya kamata mu dakata, domin idonmu ya saba da shi. Muna rataya shi a wuya, muna zana shi a bayan trotro, motar haya, muna ɗora shi a kan rufin majami'a. A zamanin Bulus ba ado ba ne. Hukuncin bayi ne da 'yan tawaye da 'yan fashi, wanda bisa al'ada ba a yi wa ɗan ƙasar Roma. Ana tuɓe mutum a kafa shi a bakin hanya, ya daɗe yana mutuwa a gaban masu wucewa, don a tsorata na baya. A shekara ta 71 kafin haihuwar Almasihu, da aka murƙushe tawayen bayi na Sifatakus, an gicciye mutum 6,000 a gefen hanyar da ta taso daga Kafuwa zuwa Roma. Sisero, babban lauyan Romawa, ya faɗa a kotu cewa ko sunan gicciye bai kamata ya kusanci tunanin ɗan Roma ko idonsa ko kunnensa ba. Ɗaya daga cikin tsofaffin zanen gicciyen Yesu da suka rage ma na ba'a ne: an gano shi a jikin bango a Roma a 1857, mutum mai kan jaki a kan gicciye, wani yana ɗaga masa hannu, an rubuta cewa Alekzamenos yana bauta wa allahnsa. Ga Bayahude kuma abin ya fi muni, domin Maimaitawar Shari'a 21:23 ta ce wanda aka rataye a kan itace la'ananne ne. Wannan shi ne abin da Bulus ya shiga garin masu son girma yana shela: cewa Allah ya ceci duniya ta wurin wanda aka yi wa wannan wulaƙancin.

Dattijonku ya karanta miki aya 20, inda aka ce Allah ya mai da hikimar duniya wauta. Da ya gangara layi biyu ya isa aya 22, da ya ga mutum biyu ne a wurin. Yahudawa suna neman alamu, Helenawa suna neman hikima, mu kuwa muna wa'azin Almasihu gicciyayye, abin tuntuɓe ga waɗannan, wauta ga waɗancan. Mai neman alama cewa yake in Allah yana nan, ya nuna ƙarfi in gani da idona. Mai neman hikima cewa yake in gaskiya ce, ta zo da tsari da lafazin da zai gamsar da irina. Kowannensu ya gindaya wa Allah sharaɗi, kowanne kuma yana son addinin da zai ɗaga shi sama da wani. Gicciye ya ƙi su duka biyu. A kansa ba a ga ƙarfi ba. Masu wucewa cewa suka yi ya sauko su gani su ba da gaskiya, bai kuwa sauko ba. Ba a kuma ji fasahar baki ba. To ki dubi ikkilisiyarku. Ɓangare ɗaya yana taƙama da digiri, ɗaya yana taƙama da mu'ujiza. Dukansu suna cikin aya 22, kowanne yana karanta rabin da ya shafi ɗan'uwansa.

Ba alamar ce laifi ba. Bulus da kansa ya ce an yi alamu da al'ajibai ta hannunsa, a sura 12 kuma ya lissafa baiwar warkarwa cikin bayebayen Ruhu Mai Tsarki. Ilimin ma ba laifi ba ne. Mutumin da ya rubuta surar nan ya yi karatu a gaban Gamaliyel, babban malamin Yahudawa na zamaninsa, a Atina kuma ya jawo baitin mawaƙan Helenawa cikin wa'azinsa. A wasiƙar nan guda ya ce yana magana da su kamar masu hankali, su auna abin da yake faɗa (10:15). Ya ce kada su zama yara wajen tunani (14:20). Ya ce in annabawa suka yi magana, sauran su auna abin da aka faɗa (14:29), wanda ke nuna cewa tambayar da kika yi wa maganar warkarwa aiki ne da Littafi ya ɗora wa ikkilisiya. Abokin tafiyarsa Luka likita ne, kuma a Kolosiyawa 4:14 ya kira shi ƙaunataccen likita, bai ce ya tuba daga likitanci ba. Bulus ɗin da aka warkar da mutane ta hannunsa ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas a Militas ba shi da lafiya. Aya 21 ta faɗi iyakar maganar sarai: duniya ba ta san Allah ta wurin hikimarta ba. Zancen sanin Allah ne da samun ceto. Ba wanda zai hau zuwa ga Allah da kaifin ƙwaƙwalwarsa, likita ne ko lebura. Wannan bai ce komai a kan na'urar awon jini ba, kamar yadda bai ce komai a kan ilimin makanikin Suame da dattijon yake kai wa babur ɗinsa ba.

Yanzu ga rabon masu karatu, kuma ke ma kina ciki. Bulus ya ce ilimi yana kumbura mutum, ƙauna ce ke ginawa (8:1). Ya tuna wa Korantiyawa cewa ba da yawansu ne masu hikima ko masu iko ko 'ya'yan manya ba, Allah ya zaɓi abin da duniya ta rena don kada kowa ya yi fahariya a gabansa. In fasto ya hau bagade yana cakuɗa Turanci da kalmomin Helenanci har yarinyar da ta wuni tana dakon kaya a kasuwar Kejetia da tsohon da ya kwana gadi suka fita ba su kama komai ba, ya yi abin da Bulus ya ce shi ya guje masa, wato mai da gicciye banza da gwanintar magana. In kuma ku masu takarda kuna kiran masu addu'ar dare jahilai a bayan idonsu, kun ba dattijon hujja. Mutanen nan ba wauta ce ta kai su addu'ar dare ba. Wanda ba shi da kuɗin asibiti, ba shi da wani babba a ofis, yana zuwa wurin da ake kiran sunansa ana ɗora masa hannu. Ikkilisiyar da ba ta da wurin kukan irinsa ta rasa wani abu, komai kyan tauhidinta.

A ganina ma, in ana neman hikimar duniya a Kumasi yau, ba makarantar koyon jinya za a nufa ba. A dubi allunan talla a bakin titi, inda hoton bawan Allah ya cika allon, ana alkawarin biza da aure da jari, ana sayar da mai da ruwa. Wannan dabarar kasuwa ce tsantsa: ba mutane abin da suke so, ka ɓoye musu abin da zai ɓata musu rai. Bisharar da ba ta da wurin wahala da haƙuri da yafewa ta bar gicciye a ƙofa, ko da ana kiran jinin Yesu sau ɗari a dare ɗaya.

Mu da ke zaune a zango muna da wani dalili na musamman na fahimtar wannan sura. Maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda muke gida ɗaya da su, muke zuwa sunansu da jana'izarsu, ba su yarda an gicciye Annabi Isa ba, bisa Suratun Nisa'i aya 157. Ba don sun rena shi ba ne. Suna girmama shi, suna ganin Allah ya kuɓutar da manzonsa daga hannun maƙiya. Bambanci ne na gaske tsakaninmu, ba a shafe shi da murmushi, ba a kuma warware shi da lasifika. 'Ya'yanmu suna shan tambaya a kansa a tsakar gida. Amma abin da maƙwabci ya fi gani shi ne zamanmu. In muka ce Ubangijinmu ya ƙasƙantar da kansa har mutuwa, sannan aka ji mu muna zagin juna a kan wanda zai riƙe makirufo ranar Lahadi, mun rushe wa'azinmu da hannunmu. A Ista ta 2019 Babban Limamin Ghana, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, yana cika shekara ɗari, ya je ya zauna a cocin Katolika na Christ the King a Akara don nuna zumunci. Ya kamata abin ya ba mu kunya, mu da baftismarmu ɗaya amma benci ɗaya ya gagare mu.

Rigimarku ta magani kuma ba sabuwa ba ce a ƙasar nan. Peter Anim na Asamankese da jama'arsa sun riƙe cewa mai bi ba ya shan magani. Suka nemi a aiko musu ɗan mishan daga cocin Apostolic na Birtaniya, James McKeown ya iso a 1937. Bai daɗe ba zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi, aka kai shi asibitin Ridge a Akara, ya sha magani ya warke. Jama'ar Anim suka ga ya karya bangaskiya, a 1939 aka rabu. Ɓangaren Anim ya zama Christ Apostolic Church. A 1953 McKeown ya sake rabuwa da uwar cocin ta Birtaniya, aka yi shekaru ana jayayya a kan suna da kadara, har a 1962 ɓangarensa ya ɗauki sunan Church of Pentecost. Gida ɗaya ya zama uku: na Anim, na McKeown, da na waɗanda suka zauna da uwar cocin. Dukansu mutanen addu'a ne, dukansu sun gaskata da warkarwa, kuma Allah ya yi aiki da su duka. Yau suna zama a majalisa ɗaya ta ikkilisiyoyin Fentikos, Church of Pentecost kuma tana da asibiti a Madina da jami'a tata. Ki ba dattijonku wannan labarin, domin ba 'yan boko masu sanyin addu'a ne suka gina asibitin ba.

To rabuwa zunubi ce? Ba kowace ba. Bulus da Barnaba sun yi saɓani mai zafi a kan Markus har kowa ya kama hanyarsa, amma a wasiƙar nan ta Koranti Bulus ya ambaci Barnaba a matsayin abokin aiki, daga baya kuma ya nemi a kawo masa Markus domin yana da amfani a gare shi. Ikkilisiya ta cika ta aiki wasu su buɗe reshe a Asawase ko Sawaba da addu'a da albarka, wannan haihuwa ce. Akwai kuma lokacin da shiru ne zunubin. Bulus ya tsaya wa Bitrus ido da ido a Antakiya da ya janye daga cin abinci tare da waɗanda ba Yahudawa ba, domin abin ya taɓa bisharar kanta. In shugaba yana koyar da cewa ceto yana hannunsa, ko yana lalata da 'ya'yan mutane, ko yana cin kuɗin baiko, ko ya mai da barin magani doka har rai yana cikin haɗari, ba a rufa wannan da sunan haɗin kai. A faɗa, a kai gaba, in aka ƙi gyara mutum yana da 'yancin fita. Ma'aunin yana 1 Korantiyawa sura 15: Almasihu ya mutu domin zunubanmu, an binne shi, ya tashi a rana ta uku. In fastonku da mai bishararku duka suna kan wannan, abin da ya raba ku salon wa'azi ne da tsawon addu'a da wanda aka fi yi wa tafi, to fitar nan irin ta Koranti ce, kuma ba zan kira ta da wani suna ba sai tsattsaguwa. Masu tura su waje da rainin hankali ma suna da kasonsu a laifin.

Haɗin kai kuma ba ya nufin kowa ya zama iri ɗaya. An kafa Majalisar Kiristocin Ghana a 1929 da ikkilisiyoyi biyar, kowace ta riƙe sunanta. Makarantar tauhidi ta Trinity a nan Kumasi aka fara ta a 1942, Metodis da Faresbiteriyan suna horar da fastocinsu a aji ɗaya, kafin a mai da ita Legon a 1964. Ƙidayar 2021 ta ce Kiristoci sun haura kashi 71 cikin ɗari na mutanen ƙasar, ba kuma mai tsammanin za su taru ƙarƙashin rufi ɗaya. Abin da Bulus ya nema ya fi wannan sauƙin faɗa, ya fi shi wuyar yi: kada ido ya ce wa hannu ba na bukatarka.

Inda ya gwada haɗin kan Korantiyawa ma ba a kan shugabanni ba ne, a kan akushi ne. A sura 11, lokacin Jibin Ubangiji, masu hali suna riga zuwa su ci su ƙoshi, har wani ya bugu, marasa hali su tashi da yunwa. Bulus ya ce wannan ba Jibin Ubangiji ba ne sam, sun rena ikkilisiyar Allah, sun kunyata marasa shi. Saboda haka ki duba layin da ya raba ku da kyau. Ikkilisiyoyin Hausa na garin nan yawanci taron baƙi ne, Frafra da Kusasi da Dagaba da Busanga da 'yan Nijar da 'yan Najeriya, Hausa ce ta haɗa su. In kika ga masu albashi sun taru gefe guda, masu aikin ƙarfi gefe guda, ko ƙabila ɗaya ta cika ɓangare ɗaya, to ayar da ake jifa da ita mayafi ce kawai. Ikkilisiyar farko ta Urushalima ta yi irin wannan a Ayyukan Manzanni sura 6: masu jin Helenanci suka yi gunaguni ana tsallake gwaurayensu wajen rabon abinci. Manzanni ba su yi musu wa'azin haƙuri ba. Suka sa aka zaɓi mutum bakwai su riƙe rabon, kuma duka bakwai ɗin sunayen Helenawa gare su. Ɓangaren da ya fi ƙarfi ya saki ludayin ya miƙa wa masu kuka. Maganar gicciye ke nan in ta sauko cikin kwamiti.

Kada ki sa ran wa'azi ɗaya zai kashe wutar. Wajen shekara ta 96, kimanin shekara arba'in bayan wasiƙar Bulus, ikkilisiyar Roma ta rubuta wa Koranti wasiƙar da ake dangantawa da Kilemant, wani shugabanta, saboda wasu sun tuɓe dattawansu ba tare da laifi ba. Ta ce musu su ɗauko wasiƙar Bulus su sake karantawa, ta kuma ƙara da cewa na dā sun fi su dama, domin su aƙalla manzanni suka yi wa ɓangaranci.

Dattijon nan ubanki ne, kada ki amsa masa a gaban jama'a. Ki sami wata uwa daga zumuntar mata ta raka ki gidansa, ki gaishe shi yadda ya kamata, ki roƙe shi ku karanta surar daga aya 10 har ƙarshenta, ki bar shi ya ga aya 22 da idonsa. Ki ba mai bishara shawara ku haɗa hannu: bayan sujada shi ya yi wa marasa lafiya addu'a, ke ki auna musu jini, ya faɗa da bakinsa cewa kowa ya riƙe maganinsa. Daga bakinsa za su ji abin da ba za su ji daga naki ba. Dattawa su zaunar da shugabannin biyu tun ba a biya kuɗin ajin makarantar ba, domin in an biya komawa baya ya zama abin kunya. In ikkilisiyarku tana ƙarƙashin wata uwar coci, a kira na sama; in mai zaman kanta ce, a gayyato fastoci biyu ko uku na unguwa waɗanda kowane ɓangare ya yarda da su. A bar zancen daga WhatsApp, kada kuma a kai shi kotu, domin 1 Korantiyawa sura 6 ta riga ta ce kai juna ƙara hasara ce tun ba a yanke hukunci ba.

Kafin zaman kuma a kawo littafin baiko da na zakka a buɗe a gaban kowa. A irin wannan rigima kuɗi kan kwanta a ƙasa ana ta jayayyar ruhaniya a sama: wa ke riƙe baikon addu'ar dare, nawa ake ba mai bishara, da sunan wa aka rubuta fili da kayan kiɗa. Bulus da kansa, da yake tara gudummawa domin matalautan Urushalima, ya ce wa Korantiyawa su zaɓi mutanen da suka amince da su su kai kuɗin, a wasiƙarsa ta biyu kuma ya ce yana yin haka ne don kada wani ya sami abin zargi. Ku zaɓi mutum biyu daga kowane ɓangare su ƙirga tare, su sa hannu tare, a karanta wa ikkilisiya lissafin duk ƙarshen wata.